Hannun Da Zarto Ya Ci, Alhakinsa Yana Kan Wa?

A wannan mako muna so mu jawo hankalin 'yan'uwa, musamman 'yan kasuwa da ma'aikatan Gwamnati, zuwa ga wata mas'ala wadda ba safai ake jin ta a kan mumbari ba, alhali kuwa littattafan fiƙihun da ake karantawa a zaurukanmu sun ware mata babi guda. Mas'alar ita ce ta lebura ko ɗan koyo wanda inji ya datse masa yatsu ko hannu yana cikin aikin maigidansa: me Shari'a ta ba shi, me dokar ƙasa ta ba shi, kuma me ya sa galibi ba ya samun ko ɗaya daga ciki?

Tun ranar 27 ga Agusta, 1991, da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa aka mai da Dutse babban birninta, gini bai tsaya ba a garin. Ofisoshi da gidajen ma'aikata suka fara, sa'an nan Jami'ar Tarayya ta zo a 2011 ta ƙara wa abin ƙarfi. Kowane rufi kuwa, da kowace ƙofa, da kowane bencin makaranta, katako ne. Mafi yawan katakon nan daga dazuzzukan Kudu ake ɗauko shi a manyan motoci, wani ya biyo ta kasuwar 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano, ya iso da kauri, sai an tsaga shi an goge kafin kafinta ya taɓa. Ga kuma itacen gida, irin su darbejiya da turare, da ake yankawa a nan. Saboda haka daga Dutse zuwa Kiyawa, zuwa Birnin Kudu da Jahun, duk inda ake gini za a ji kukan injin zarto. Maganarmu ba ta tsaya a kansa kaɗai ba, domin injin niƙa da na casar shinkafa da na sussuka su ma ba su san hannun mutum ba.

Wanda bai taɓa tsayawa kusa da injin ba zai zaci haɗarin daga sama yake faɗowa. Masu sana'ar sun san ba haka ba ne, sun san hanyoyinsa ɗaya bayan ɗaya. Injin zarto daga masana'anta yakan zo da murfi a bisa haƙoransa, da wani ƙarfe mai lanƙwasa a bayansa wanda ke hana katakon da aka tsaga ya matse zarton. Sau da yawa ana kwance su a ajiye, wai suna rage sauri. To, idan katako mai ɗanye ko mai ƙulli ya matse zarto, sai ya yi tsalle da baya, hannun da ke tura shi ya zarce gaba. Akwai ɗan sandan da ya kamata a riƙa tura ƙarshen katako da shi, wanda daga ragowar katakon da ke zube a ƙasa za a iya yin sa cikin minti 5, amma sai ka ga yaro yana turawa da tafin hannu. Akwai bel da ba a rufe ba, mai kama hannun riga. Akwai kuma wanda ya fi su ban tausayi: an ɗauke wuta injin yana aiki, ba a kashe makunni ba, yaro ya sa hannu yana kwashe garin katako daga ƙarƙashin zarto, sai aka maido da wuta. Sa'an nan ga gajiya, da ƙwayar da wasu samari ke sha don su jure aikin yini guda.

Abin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Maigida ya sa yaro a mota ya kai shi asibiti, ya biya kuɗin ɗinki da na magani, wannan kuwa muna yaba masa. Bayan kwana biyu ya je gidansu da ɗan abin da ya sawwaƙa, dattawa su zauna, a ce ƙaddara ce, uban yaro ya ce sun yafe duniya da lahira, a shafa fatiha a tashi. Kafin rauni ya warke an ɗauki wani a gurbinsa, murfin zarto yana nan inda aka jefar da shi. Bayan shekara guda mai dungun nan yana bakin tasha.

Lalle ƙaddara gaskiya ce, imanin mutum ba ya cika sai da ita. Amma ba mu san wani malami da ya ce ƙaddara tana kayar da haƙƙin wani a kan wani ba. Da haka ne, da babu babin diyya sam, domin duk kisan kuskure da ƙaddarar Allah ya auku. Sayyidina Umar ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke a can, ya kuma bayyana wa wanda ya yi masa inkari cewa gudun ma cikin ƙaddarar yake. Wanda aka cuta shi ke da ikon ya ce ƙaddara ce don ya sanyaya zuciyarsa. Wanda ya kwance murfin zarto da hannunsa ba shi ya kamata ya fara faɗin kalmar ba.

Bari mu duba yadda Shari'a ta kimanta hannun ɗan Adam. A cikin wasiƙar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rubuta wa Amru ɗan Hazmu sa'ad da ya aike shi ƙasar Yaman, wadda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, an ƙayyade diyyar rai raƙuma 100, ta hannu ɗaya raƙuma 50, ta kowane yatsa raƙuma 10. Risalar Ibn Abi Zaidi ta ƙara faɗaɗa bayani: kowace gaɓar yatsa raƙuma 3 da sulusi, gaɓar babban yatsa kuwa raƙuma 5, tun da shi gaɓa biyu gare shi. Ga mutanen da dukiyarsu zinariya ce, cikakkiyar diyya dinari 1,000 ce, ga masu azurfa dirhami 12,000. Malaman zamani da dama sun ƙiyasta dinari ɗaya a kan giram 4.25 na zinariya. Ashe ke nan yatsa ɗaya dinari 100 ne, watau giram 425, hannu ɗaya kuwa giram 2,125. Mai son ya san abin da wannan ya kama a naira, ya tambayi masu sayar da zinariya farashin giram ɗaya a yau, ya yi lissafi da kansa, sa'an nan ya gwada da abin da ake ƙullewa a leda a kai wa uban yaro. Hannun da bai cire ba amma ya shanye, amfaninsa ya tafi gaba ɗaya, shi ma hukuncinsa ke nan. Shari'a kuma ba ta bambanta yatsan attajiri da na lebura ba.

To, sai dai a nan wajibi ne mu yi adalci ga masu injuna, domin ba kowane hannu da aka rasa a wurin aiki ne fiƙihu ya ɗora diyyarsa a kan maigida ba. Malamai sun bambanta wanda ya aikata ɓarna da hannunsa da wanda ya zama sanadinta, suka ce shi mai sanadi ba ya lamuni sai in ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci. Hadisi ya inganta cewa abin da rijiya ko ramin haƙar ma'adini suka halaka babu lamuni a cikinsa, malamai kuma suka fassara shi da misalin wanda aka ɗauka haƙar rijiya ta rufta da shi ba da laifin kowa ba. Saboda haka baligi mai hankali, gwani a sana'arsa, wanda aka ba shi inji lafiyayye da murfinsa, ya yi ganganci ya raunata kansa, ba shi da diyya a kan kowa ta wannan fuska.

Amma mas'aloli nawa ne suke zuwa a haka? Imamu Malik ya yi bayani a Muwaɗɗa cewa wanda ya haƙa rijiya ko ya ɗaure dabba a kan hanyar Musulmi, inda bai halatta gare shi ba, shi ke lamunin abin da suka jawo. Ya kuma ce idan babban mutum ya umurci yaro ƙarami ya shiga rijiya ko ya hau dabino, yaron ya halaka a ciki, wanda ya umurce shi shi ke da lamuni. Muna roƙon masu injuna su tsaya a kan wannan ta biyu su yi tunani. Yara nawa ne 'yan shekara 12 ko 13, wasunsu ma almajirai ne da iyayensu ke wata ƙasa, suke tsaye a bayan zarto suna karɓar katako? A ganinmu zarto mai juyawa bai fi hawan dabino sauƙi ba. Haka nan wanda ya san makunnin injinsa ya lalace ya ɓoye, ko ya cire murfi, ko ya ɗora sabon yaro a kan inji ranar da ya zo ba tare da koyarwa ba, da wuya ya kuɓuta daga sunan mai sakaci. Idan kuwa abokin aiki ne ya kunna inji hannun ɗan'uwansa yana ciki, wannan rauni ne na kuskure tsantsa, diyyarsa tabbatacciya ce. Tantance wanne ne ya auku aikin alƙali ne, bayan ya ji shaidu ya kuma tambayi masana sana'ar.

Mai inji zai ce, to, ni da jarina duka bai kai kuɗin yatsa biyu ba, ina zan samo? Shari'a ta riga shi tunanin wannan. A mazhabar Malikiyya raunin kuskure da ya kai sulusin cikakkiyar diyya ba mai laifin kaɗai ke biya ba, aƙilarsa ce ke ɗauka, watau danginsa maza na wajen uba, kowa gwargwadon ƙarfinsa, kuma ba a lokaci ɗaya ba: cikakkiyar diyya a shekara 3, sulusi a shekara 1. Abin da bai kai sulusi ba shi ne ke fita daga aljihunsa. Yatsu 3 raƙuma 30 ne, ba su kai ba. Yatsu 4 raƙuma 40 ne, sun hau kan aƙila. Muhtasar na Shaihu Halilu ma ya gabatar da mutanen diwani a kan dangi, watau waɗanda sunansu ke cikin rajista ɗaya suna karɓar albashi tare, bisa tsarin da aka samo tun zamanin Sayyidina Umar. A kan wannan ne Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Dubai a 2005, ta yanke cewa inda aƙilar dangi ta ɓace, ƙungiyoyin masu sana'a ɗaya da asusun taimakon juna suna iya tsayawa a matsayinta. Kowace kasuwar katako tana da shugaba da ma'aji, ana tara kuɗin mai gadi da na biki da suna. Ba mu ga abin da zai hana a buɗe asusu na hannuwa ba.

Yanzu sai mu juya ga dokar ƙasa, wadda a wannan wuri ta fi fiƙihu sauƙaƙa wa ma'aikaci ta fuska ɗaya. Tun zamanin Turawa akwai dokar biyan ma'aikacin da ya ji rauni, aka sabunta ta a 1987, sa'an nan a watan Disamba na 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata wadda ta shafe ta da. Tsohuwar doka maigida ta ɗora wa biya kai tsaye. Sabuwar kuwa asusu guda ta kafa a hannun hukumar da aka fi sani da NSITF, kowane mai ɗaukar ma'aikata yana zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya a wata. Idan albashin yaro naira 70,000 ne, watau mafi ƙanƙantar albashin da aka tsayar a 2024, abin da za a zuba dominsa naira 700 ne, kuɗin da bai sayi ƙyallen katako ɗaya ba. An hana maigida ya cire wannan kuɗi daga albashin ma'aikaci. Kuma ba a tambayar laifin wa ne: muddin raunin a bakin aiki ya auku, asusun zai biya magani, ya biya wani kaso na abin da mutum ya rasa na samu. Wanda ya nakasa gaba ɗaya ana ba shi kashi 90 cikin 100 na albashinsa kowane wata.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne dokar ba ta ma'aikatan ofis da manyan kamfanoni kaɗai ba ce. Ta ambaci wanda aka ɗauka da baki ba takarda, da mai aikin yini, da ɗan koyo, da masu ƙananan sana'o'i. Amma tana da wa'adi, wa'adin kuwa shi ke cinye haƙƙin talaka yana zaune. Ma'aikaci ko wani nasa zai sanar da maigida cikin kwana 14. Maigida zai kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7. Takardar neman biya kuma a shigar da ita cikin shekara 1. Wanda bai gamsu ba yana da Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da zama a Kano, wanda ba shi da kuɗin lauya kuma ya nemi Hukumar Taimakon Shari'a da aka kafa tun 1976. Ban da wannan, Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta killace duk wani sashe mai haɗari na inji, da ajiye akwatin taimakon gaggawa, da kai rahoton duk haɗarin da ya hana ma'aikaci aiki fiye da kwana 3. Dokar Ƙwadago ta 1974 ta hana sa yaron da bai kai shekara 15 ba aiki a masana'anta, hukuncin da ya yi kusa ƙwarai da maganar Imamu Malik.

Mun san wasu 'yan kasuwa masu tsantseni da za su ja baya da jin kalmar inshora. Tsantseninsu yana da tushe, domin Majalisar Fiƙihun da muka ambata ta haramta inshorar kasuwanci a 1985. Sai dai a zaman nan ɗin ta halatta ta taimakon juna, kuma tun 1965 taron malamai na Azhar a Alƙahira ya halatta tsarin fansho da asusun kula da ma'aikata da hukuma ke kafawa. Har wa yau, abin da hukuma ta shar'anta don maslahar jama'a, bai saɓa wa nassi ba, ya zama kamar sharaɗi ne a cikin kowace ijara da aka ƙulla a ƙasar, Musulmi kuwa an san shi da cika sharaɗi.

Game da yafiya, ba mu hana ta ba, wa zai hana abin da Allah Ya yi alkawarin lada a kansa? Amma malamanmu sun ce ba a yanke diyyar rauni sai bayan ya warke, domin sai a lokacin ake sanin iyakar ɓarnar: yatsan da aka ɗinke yau yana iya ruɓewa a cire shi gobe. Yaya za a nemi mutum ya yafe abin da bai san girmansa ba, yana kwance jini bai tsaya ba, wanda ke biyan kuɗin gadonsa yana tsaye a kansa? Haƙƙin kuma na mai hannun ne. In baligi ne, ubansa ba shi da ikon yafewa a madadinsa. In yaro ne, waliyyi ba ya kyauta da dukiyar yaro. Dokar 2010 ma ta ce duk yarjejeniyar da aka yi da ma'aikaci cewa ya bar haƙƙinsa na asusun, ɓatacciya ce. Limamai da masu unguwanni da ake kira zaman sulhu, ya kamata su fara gaya wa mai rauni abin da yake da shi filla-filla, sa'an nan in ya ga dama ya rage ko ya bari.

Akwai ɗan bayani na likitoci da muke so kowane mai inji ya haddace. In abin ya auku, a kashe inji, a danne raunin da tsumma mai tsabta, a ɗaga hannun sama. Kada a zuba baƙin mai ko ƙasa ko toka. Yatsan da ya cire a naɗe shi a tsumma mai tsabta mai ɗan laima, a sa a leda a ƙulle, a sa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara, kada naman ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye, a tafi da shi tare da mai raunin. Tun 1962 likitoci a Boston ta Amurka suka mai da wa wani yaro hannunsa da ya cire, a 1963 aka yi irin wannan a Shanghai ta ƙasar Sin. Ba kowane asibiti ke iya wannan aiki ba, ba kuma kowane yanka ke karɓarsa ba, amma likita ne zai faɗa, kuma sa'o'in farko su ne masu tsada. Akwai asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, ga Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959, inda ake yin gaɓoɓin roba. A karɓi allurar rigakafin sandarewar jiki, a kuma adana kowace takardar asibiti, domin ita ce shaida gobe. Abin da bai ɗinku ba a binne shi cikin mutunci. Alwalar mai dungu kuwa, ya wanke abin da ya saura daga inda aka wajabta wankewa. In yankan ya wuce gwiwar hannu, farillar wannan gaɓa ta faɗi.

Saura 'yan'uwanmu ma'aikatan Gwamnati. Da yawa daga cikin injunan nan nasu ne, sun saya don tanadin ranar barin aiki, sun damƙa wa wani yana kawo musu ciniki ƙarshen mako, ba su taɓa duba ko akwai murfi a kan zarton ba. Mallaka kuwa ba ta rabuwa da alhaki don mai ita yana ofis. Wasunsu su ne masu duba wuraren sana'a, wasu su ke ba da kwangilar bencin makarantu da rufin asibitoci, suna da ikon su tambayi ɗan kwangila inda ake tsaga katakonsa da shekarun masu tsaga shi. A 2007 Gwamnatin Jigawa ta fara ba naƙasassu naira 7,000 a wata, a watan Janairu na 2019 kuma aka sa hannu a kan dokar Tarayya da ta hana nuna musu bambanci, ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin hukumomin Gwamnati. Duk wannan taimako ne, amma ba ya sauke abin da ke wuyan maigida. Mutumin da ya rasa yatsu 3 bai rasa idonsa da ya san katako mai kyau ba, bai manta awo da farashi ba. A kowace rumfar katako akwai aikin karɓar kuɗi, da ƙirga kaya, da rakiyar mota, da koya wa sababbin yara inda ba a sa hannu, kuma wannan na ƙarshe babu wanda za su saurara kamarsa.